Lauyan Biri

Ƙarar ta fara ne wani dare na zafi, daga ƙarƙashin gadon Yaya. Tak. Sai a yi shiru har ka ce ta wuce, sai kuma tak. Ba ta ɓera ba ce, don ɓera ba shi da wannan haƙurin, ba kuma ta famfo mai ɗiga ba. Ta fi kama da ta mutumin da ke ƙwanƙwasa ƙofa yana fatan kada a buɗe. Ɗakinmu ɗaya da Yaya tun da matanmu suka rasu, gadona a jikin taga, nasa a jikin bango. Na kwanta ina ƙirga numfashina tsakanin tak da tak, in samu sha ɗaya, wani lokaci sha uku. Na ɗauka barci yake yi, sai na ji ya ce daga cikin duhu in daina wahalar da kaina, gwangwanin ne.

Da gari ya waye na durƙusa na jawo shi. Gwangwanin fim ne mai faɗin tire, duk ya yi tsatsa, murfinsa ya ɗago ta ɓari ɗaya kamar wani abu na son fitowa. Ina buɗewa wani wari ya doke ni, tsami mai shiga har cikin haƙori, irin na tsumman da aka jiƙa aka manta da shi mako guda a bokiti. 'Yar Yaya, wadda ke aikin jinya kuma ita ke riƙe da mu, ta leƙo ta toshe hanci, ta ce ko a ɗakin wankin miki ba ta taɓa jin irinsa ba, don Allah Baffa a fitar mata da shi waje. Yaya ya miƙo hannu, na ɗora masa a cinya. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ba ya rarrabe komai sai haske da duhu, amma yatsunsa ba su tsufa ba. Ya shafa naɗin fim ɗin a hankali, ya ce mutuwa yake yi. Fim idan ya tsufa gumi yake yi mai tsami, ya ƙanƙance, ya murɗe, yana tura murfi. Ƙarar da muka ji ke nan. Ya ce idan ya ƙara wata biyu an yi sa'a, bayan haka sai ya manne ya zama dunƙule ɗaya.

Yaya ya yi shekara talatin da ɗaya yana ofareta, mai kunna injin nuna fim, a silimar da ke bayan tashar mota. Ni kuma ni ke rubuta sunan fim a allon ƙofa, shi ya sa har yau Mai Alli ake ce mini. A zamanin, kafin babban fim akan saka ɗan gajere na labaran duniya, na minti goma. A nan muka fara ganin ƙwallon ƙarfen nan mai sanduna huɗu da aka harba sama, wanda ba ya aikin komai sai kuka kamar ɗan tsako a rediyo. Bayansa aka shiga tura dabbobi, don a ga ko mai rai zai je can ya dawo kafin a yi kasadar ɗan Adam. Wannan gwangwanin na biri ne. Masu rarraba fina-finai suka manta ba su aiko an karɓa ba, Yaya kuma bai tuna musu ba.

Na san fim ɗin kamar tafin hannuna. Wasu mutane masu fararen riguna suna ɗaure biri a wata kujera mai kama da akwati, suna manna masa wayoyi a ƙirji. Kumbo ya tashi da wuta a gindinsa. Sai teku, sai jirgin ruwa, sai a buɗe akwatin, mai ɗaukar hoto ya matso kusa, birin ya washe haƙoransa duka. Daidai nan kiɗa ke ƙara zaƙi, mai magana da yaren da ba ma ji ya yi 'yar dariya, silima kuma ta ɗauka gaba ɗaya. Ana fito, ana dukan benci, ana cewa ga shegen yana murna ya je ya dawo. Mako biyu ana haka. Shi ma Yaya ya yi dariya a daren farko, bai taɓa musun wannan ba.

Washegari ne, yana mayar da fim ɗin baya da hannu yana duba inda ya tsage, ya ɗaga shi ga taga. Fim ba komai ba ne illa jerin ƙananan hotuna, kowanne kamar farcen babban yatsa. Mu a wurin aiki gida muke ce wa kowane ɗaya, kuma gida ashirin da huɗu ke wucewa cikin daƙiƙa guda. To a gida ɗaya tsayayye, babu kiɗa babu mai magana, sai ya ga abin da gudu ke ɓoyewa. Leɓen ya ja baya, gaskiya, amma idon bai ƙanƙance ba yadda na mai dariya ke yi. A buɗe yake har ana ganin fari, gashin kafaɗa a tsaye. Muna yara akwai wani a layinmu mai biri ɗaure da sarƙa, kuma Yaya ya san wannan fuskar. Ita birin ke yi idan an ɗaga sanda.

Tun daga ranar bai huta ba, bai bar kowa ya huta ba. A wurin shan shayi, a layin asibiti, a gidan rasuwa, ko da me aka faro hira sai ta ƙare a kan cewa birin nan ba dariya yake yi ba. Aka tura mutum sama, aka taka wata, talabijin ta zo ta kwashe 'yan kallo, aka rufe silimar, shi yana nan a kan birinsa. Maƙwabcinmu Mai Aski shi ya laƙaba masa Lauyan Biri, sunan kuma ya bi shi har 'ya'yan da ba su taɓa shiga silima ba da shi suke gaishe shi. Idan gardama ta yi zafi sai ya taso ya zo gida, ya buɗe gwangwani, ya yanke gida ɗaya da almakashi, ya haɗe wurin da gam, ya koma ya danƙa wa abokin gardamar ya ce ya je ya ɗaga wa fitila ya gani da idonsa. Kowane ofareta ya san cire gida ɗaya ba ya rage komai, ba idon da zai kama.

Ranar da muka ji warin, 'yarsa ta so ta sauƙaƙa masa. Ta lallatsa wayarta ta ce ga hotunan birran sama nan birjik, kowa na iya gani ko a ina, a bar gwangwanin ya tafi. Ya tambaye ta girman fuskar a wayar. Ta ce kamar kwalin ashana. Ya ce to ba shi ke nan ba.

"A bangon da aka yi masa dariya, a nan za a yi masa shiru," ya ce. "Fuskarsa tsayin gida, babu kiɗa. Sau ɗaya kawai nake so, kafin abin nan ya ruɓe."

Don haka na riƙe masa hannu muka tafi bayan tashar mota.

Silimar yanzu ɗakin taro ce, inda ake biki da shagali. Ɗan Maigida, wato ɗan mai silimar na da, shi ke riƙe da ita, wanda muka sha ɗauka a kafaɗa yana jariri mu leƙa da shi ta tagar ɗakin inji. Ya zama ƙato mai waya uku, yana magana da mu yana amsa biyu. A bakin ƙofa muka tarar da ƙaramin injin da muke nuna labaran duniya da shi, an ɗora shi a tebur don ado. An shafe shi da fenti mai ruwan zinare har kan haƙoran da ke jan fim, an cusa furannin roba a idonsa da haske ke fita, wata ta rataye jakarta a hannunsa. Da na leƙa ƙarƙashi, cingam ne manne kala-kala, na shekaru. Yaya ya laluba ya ji furannin. Ya zare su ɗaya-ɗaya ya zubar a ƙasa, sannan ya daɗe yana goge hannunsa a riga.

Ɗan Maigida kuwa murna kamar ya taka rawa. Ashe saura mako uku ginin ya cika shekara saba'in, yana shirya babban taro na tuna baya, tun daga fim marar magana har zuwa yau. Ya ce Baba Ofareta Allah ne ya kawo shi, tsohon inji da tsohon fim da tsohon da kansa, ai wannan ko a talabijin sai a nuna. Yaya ya kafa sharaɗi biyu, kada a sa kiɗa, kada kowa ya yi magana a lasifika har a gama. Aka kira mai gabatar da taron, wani siriri mai kwat mai ƙyalli da ake ce wa Aku, irin mutanen nan da ke fara dariya kafin su ƙarasa maganarsu. Ya tambaya ko birin yana da mata, ko an ba shi lambar yabo, ya kalle mu yana jira mu dara. Da ya ga ba mu da niyya sai ya dafa ƙirji ya ce ai shi idan ana son shiru, kabari ma sai ya zo ya koya a wurinsa.

Muka kwashi injin zuwa tsohon ɗakinsa a sama, wanda ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru da jarkokin mai. Kwana goma muna kankare fenti da reza da kananzir. Yaya na faɗa, ni ina yi, inda kuma aiki ya yi laushi sai ya ture hannuna ya sa nasa. Na sami mataccen ƙadangare a cikin gidan fitila, ya bushe sarai da hannuwansa a buɗe kamar mai faɗowa daga sama, na so in ajiye shi Yaya ya ce in na kawo masa shi ɗaki sai dai ɗayanmu ya fita. Da muka sa sabon ƙwan fitila muka kunna, haske ya fita ta 'yar taga ya ratsa zauren. Na tsaya ina kallon ƙurar da ke yawo a cikinsa, ina tunanin duk hasken da ya tsallake saman bango a waɗancan shekarun, da silimar ba ta da rufi, ko har yanzu yana can yana tafiya da fuskokin mutane a cikinsa. Yaya ya ce in rufe baki in miƙo masa fim.

Saura kwana huɗu taro ya zauna duba shi. Yadda ofareta ke yi, ana juya naɗin a hankali, fim na bi ta tsakanin babban yatsa da manuniya, duk inda aka taɓa haɗi za ka ji ɗan tudu. Ya wuce masu fararen riguna, ya wuce kumbo, ya wuce teku, yana faɗa mini inda muke ba tare da ya gani ba. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tahowa. Wurin ya yi kauri kamar tsohon tabo, haɗi a kan haɗi, gam a kan gam. Ya ce in ɗaga wa haske in ƙirga masa gidajen fuskar.

Na ƙirga sau uku don ina fatan na yi kuskure. Bakwai.

Fuskar nan daƙiƙa huɗu take yi a bango a da, kusan gida ɗari. Shekara sittin yana gardama, kowace gardama gida ɗaya, kuma bai taɓa zama ya haɗa lissafin ba, don kowace rana gaskiya ce gida ɗaya ba ya rage komai. Gida bakwai ko ƙiftawar ido ba su kai ba. Za a ga an buɗe akwati, wani abu ya gilma, sai ga masu fararen riguna suna tafi.

Ya zauna a kan jarka. Can ya ce, "Su sun yi masa dariya mako biyu. Ni kuwa na cinye shi da almakashi."

Na ce mu bi mutane mu karɓo. Bai yi musu ba, muka fita. Ba na son tuna yawon nan. Rabin waɗanda ya ba sun mutu, 'ya'yansu suka riƙa kallonmu kamar mun zo neman taimako. Wani tsohon direba ya ce tun a ranar ya ba yara suka yi wasa da shi. Mai shagon kusurwa ya tuna sarai, ya ce wallahi abin ya yi masa amfani, bai taɓa samun abin sakace mai kyau irinsa ba, har ya buɗe baki ya nuna mana haƙorin da yake nufi. Matar wani malamin makaranta marigayi ta shiga ta daɗe, ta fito da ɗaya daga cikin littafi a naɗe a takarda, muka ji daɗi, na ɗaga wa rana na ga ya koɗe ya zama fari fat kamar gilashi. Mai Aski, wanda shi kaɗai ya karɓi sun fi goma, ya yi dariya har da tari ya ce lauya ya ɓatar da shaidunsa. Ya laluba bayan madubi ya zaro ɗaya da ya cusa don kada madubin ya riƙa rawa. Ya yi baƙi da man gashi, guntayen suma sun manne masa, hudojin gefensa sun yage. Yaya ya shafa ya mayar masa ya ce ya mai da shi inda ya fi amfani.

Ana gobe taro na same shi a ɗakin inji da sukuddireba. A cikin injin akwai wani ɗan murfin ƙarfe da ke faɗowa tsakanin fitila da fim da zarar an tsaya, don fim ba ya jure zafin ƙwai idan ba gudu yake yi ba. Shi yake kwancewa da lalube. Ya cire ya sa a aljihu. Na gane abin da yake nufi. Zai tsayar da inji a kan fuskar, ya bar ta tsaye a bango.

"Yaya, zai ƙone."

"Daƙiƙa uku kowane gida kafin ya narke. Bakwai sau uku nawa ne, Mai Alli?"

"Ashirin da ɗaya."

"Ya fi huɗu."

Na ce ba za a iya gwadawa ba, kuma bayan haka babu sauran fuska har abada. Ya ce ai da ma mutuwa take yi a ƙarƙashin gadonsa tana hana ni barci. Muka raba aiki. Shi zai tsayar da inji da kunne, don haɗe-haɗen nan za su yi ƙara idan suka zo wucewa. Ni zan riƙe ɗan maɓallin da ake juya fim da hannu, in matsar da gida ɗaya duk lokacin da na baya ya narke.

Taron ya fara da faɗuwar rana. 'Yarsa ta goge masa riga ta raka mu har sama, sannan ta sauka ta zauna kusa da Mai Aski. Ta 'yar tagarmu nake kallon komai ina faɗa masa, daga baya na daina faɗa. An jera tebura zagaye, rabin mutane sun juya wa bango baya, ana ci ana kiran masu rabo da tafi. Bangon da kansa an yi masa fenti ruwan hoda, sai aka rataya wani farin ƙyalle mai tabon mai a tsakiya. Aka fito da wata yarinya da fuska shafe da hoda tana faɗuwa tana tashi, wai zamanin fim marar magana ke nan. Wasu samari suka sa wanduna masu faɗin ƙafa suna rawar da ba wanda ya taɓa yi a zamanin da suke nufi. Wani mawaƙi ya riƙe abin magana yana motsa baki, faifai na yi masa waƙar, har faifan ya tsaya shi bai sani ba. Aku na tsakiya yana cewa wannan dare tarihi ne, kuma duk wanda ya tashi zuwa bayi sai ya bi shi da zolaya. Warin fim ɗinmu ya cika ɗakin inji, warin soyayyen mai da turare mai arha na tasowa daga ƙasa, suka haɗu a maƙogwarona.

Can Aku ya sanar cewa ga Lauyan Biri zai gabatar da ƙararsa, aka yi dariya aka kashe fitilu. Yaya ya kunna. Injin ya yi tari ya kama. Hoton ya fito ja-ja, yana karkarwa don fim ɗin ya murɗe, amma ya fito. Masu fararen riguna, wayoyi, kumbo. Ba kiɗa, sai ƙarar cokula da surutu ƙasa-ƙasa. Teku. Jirgin ruwa. Hannu ya kai ga murfin akwati. Sai na ji kar-kar-kar na haɗi, Yaya ya danna, inji ya tsaya cak. Na juya maɓallin kaɗan.

Ga ta nan, tsayin gida. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko a da, don a da gudu take yi. Haƙoran duka a waje, idon a buɗe, tabon man ƙyallen ya faɗo daidai goshinsa. Cokula suka tsaya. Waɗanda suka ba bango baya suka juyo. Na ji shirun da kunnena, irin wanda ke sauka a ɗaki idan likita ya fito bai ce komai ba. Sai wani ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa ya ɓullo a kumatu, ya kumbura, ya buɗe, fuskar ta narke daga tsakiya zuwa gefe, fari ya cika bango. Na juya. Ta dawo, daidai yadda take, idon na kallon wuri ɗaya.

"Sun yi shiru?" Yaya ya tambaya a hankali.

"Sun yi."

Gida na biyu ya narke cikin shirun. Na juya na uku. A nan ne Aku ya kasa. Na ga ya ɗaga abin magana kamar wanda ake shaƙewa, ya ce jama'a ku duba haƙora, wannan ko tallan man goge baki sai haka. Mutum biyu suka yi dariya, sai goma, kamar an kwance musu ɗauri suna godiya. Mai kiɗa ya ga an saki sai ya saki nasa. Da na ukun ya fara kumbura Aku ya ce a ƙirga tare, suka ɗauka, ɗaya, biyu, uku, fuskar ta fashe aka yi tafi da fito. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su. Daga bayan labule wani ya faɗo da rigar biri ta haya, da tukunyar alminiyam a ka, yana sosa hammata yana bin tebura. Ashe tun farko an tanade shi.

Hannuna ya riga ya juya na huɗu. Suka ƙirga masa shi ma.

Aka banko ƙofar ɗakin, Ɗan Maigida ne yana haki, fuskarsa na ƙyalli. Ya ce Baba Ofareta wannan abin ƙonewar ya kashe mutane da dariya, bai taɓa ganin irinsa ba, saura nawa? Na ce uku, ban san me ya sa na amsa ba. Ya ce a tsaya, kada a ƙarasa, akwai babban biki ranar Asabar, a ajiye masa ukun a ƙona lokacin shigowar ango da amarya.

Yaya bai juya ba. Ya cire hularsa, ya laluba ya rufe idon inji da ita. Bango ya yi duhu, aka yi ihu a ƙasa ana cewa a dawo da shi. Fitilar kuwa tana ci a ciki.

"Juya," ya ce mini.

Na juya. Muka ji ɗan ƙauri. Ya ƙirga uku a ransa ya ce in ƙara. Ɗan Maigida na cewa me ake yi haka, wai me ake yi, yana kallon wannan yana kallon wancan. Na juya na shida, na juya na bakwai. Babu wanda ya gan su, ko mu. Sannan Yaya ya kashe fitila, ya mai da hularsa da ta ɗan babbake a ka, ya ce wa Ɗan Maigida yana iya mayar da furanninsa.

Ba mu bi ta cikin zauren ba. Muka sauka ta matakalar baya inda ake zubar da ragowar abinci, na riƙe shi muna tsallake farantan roba da ƙudaje. Gwangwanin ma a can muka bar shi. 'Yarsa ta same mu a bakin titi, ta kama ɗaya hannun.

Da safe muna zaune a ƙofar gida ni da Yaya, 'yarsa ta kawo mana shayi tana shirin tafiya aiki. Yaya ya karɓi nasa. Ya riƙe kofin har ya huce. Ina ta neman abin da zan faɗa, in ce masa gida biyu an yi shiru, daƙiƙa shida, sai in ga ai yana wurin, kunnensa ya fi nawa.

Sai ga Mai Aski ya fito zai buɗe shago, da tawul a kafaɗa da makullai a hannu. Na shirya jin abin da zai ce, don ba ya wuce mu bai jefa wata ba. Ya yi gaisuwa, muka amsa. Ya wuce taku uku ya tsaya, ya dawo. Ya tsaya yana juya makullan, bai kalli kowa a cikinmu ba.

"Wai ni kam," ya ce, "me ya gani ne a can, da ya dawo da wannan idon?"